Zare: tarihin ƙwayar da ke buɗe maka hanci, daga ciyawar ƙasar Sin zuwa kemis ɗin unguwarku

1/ Hunturu ya kankama, kowa na jan majina, masu kemis na ta ciniki. To ga abin da ƙila ba ku sani ba: sinadarin da ke buɗe hanci a maganin murar nan, shi da 'yan'uwansa ne suka jawo aka kori Maradona daga gasar cin kofin duniya kwanaki kaɗan bayan ya buga da Najeriya. Daga danginsa kuma aka samo ƙwayar da sojojin Hitler suka riƙa haɗiya. Zaren da tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/ Sunansa sudo'efedirin. A jikin kwali za ku ga an rubuta Pseudoephedrine, ku riƙe rubutun nan da kyau don za ku buƙace shi a gaba. Shi ne a cikin Sudafed da Actifed na asali, kuma yana cikin da yawa daga haɗe-haɗen maganin mura da ake saidawa, tare da farasitamol da maganin atishawa.

3/ Kafin tarihi, bari mu leƙa cikin hancin tukuna. Yawancinmu mun ɗauka majina ce ke toshe shi, shi ya sa za ka ga mutum na ta fyacewa kamar zai zubo da ƙwaƙwalwarsa, amma hanci na nan a toshe gam. A cikin hanci akwai wani nama mai laushi, cike da ƙananan hanyoyin jini masu iya buɗewa su tara jini kamar soso. Idan bairos ɗin mura ya shiga, ko ƙura ta dame shi, sai hanyoyin su buɗe, naman ya kumbura, hanyar iska ta tsuke. Kumburin nan shi ne babban abin da ke toshe ka.

4/ Ko lafiyarka ƙalau ma, ƙofofin hancinka biyu karɓa-karɓa suke yi: ɗaya ta ɗan kumbura ɗaya ta saki, bayan wasu awanni su yi musanya. Toshe ɗaya da yatsa yanzun nan ka ja numfashi, ka gwada ɗayar, za ka ji bambanci. Na san kun gwada. 😂

5/ Hanyoyin jinin nan suna da tsoka a bangonsu, tsokar kuma tana bin umarnin wani sinadari da ake kira noradirenalin, ƙanen adirenalin ɗin da jiki ke saki idan kare ya biyo ka. Abin da sudo'efedirin ke yi shi ne ya sa ƙarshen jijiyoyin saƙo su saki noradirenalin ɗin da suka ajiye, shi ma ya ɗan taɓa tsokar da kansa. Hanyoyin jini su matse, jinin da ya taru ya janye, kumburi ya sauka, iska ta samu hanya. Yana fara aiki cikin kamar minti 30, ya ɗauki awa 4 zuwa 6. Ba ya kashe bairos, ba ya rage kwanakin mura ko da ɗaya.

6/ Sai dai ƙwayar da ka haɗiya ba ta san adireshin hanci ba. Ciki take shiga, ta bi jini, ta zaga ko'ina. Hanyoyin jinin da ke ƙwaƙwalwa da zuciya su ma suna jin umarnin, zuciya ta ƙara sauri, barci ya gudu, tsokar bakin mafitsara ta ƙara ɗaurewa. Ku riƙe wannan, don duk rigimar da za ta biyo baya daga nan take.

7/ To, tarihi. A busassun yankunan arewacin ƙasar Sin da Mongoliya akwai wani tsiro mai siraran rassa kore masu gaɓa-gaɓa, kusan ba ganye, kamar tsintsiya aka dasa. Sinawa na kiransa ma huang. Sunansa na cikin tsofaffin littattafan magungunansu tun kusan shekara dubu biyu da suka wuce. Wajen shekara ta 200 miladiyya, wani likita mai suna Zhang Zhongjing ya rubuta haɗin da ake dafawa da shi, tare da reshen kirfa da wasu abubuwa biyu, don zazzaɓi mai sa rawar sanyi ba gumi, da kuma sarƙewar numfashi.

8/ Abin da ya burge ni da mutanen nan, sun san tsiron ba na wasa ba ne. Sun yi gargaɗi kada a ba mai rauni ko wanda gumi ke zubo masa. Har sun lura cewa rassan na sa gumi, saiwar kuma tsayar da shi take yi, don haka ba a haɗa su wuri ɗaya. Babu ɗakin gwaji, lura ce kawai ta shekaru aru-aru.

9/ Mu tsallako zuwa Japan. Nagai Nagayoshi yana cikin matasan da gwamnatin Japan ta tura Turai karatu. Ya shafe fiye da shekara goma a Balin ta Jamus yana koyon ilimin sinadarai a hannun Hofmann, ɗaya daga cikin manyan malaman fannin a lokacin. Da ya koma gida, a 1885 ya tace ma huang ya ciro sinadarin da ke aikin, aka sa masa suna efedirin. A 1889 kuma wasu Jamusawa biyu, Ladenburg da Oelschlägel, suka bayyana wani sinadari daga dangin tsiron mai kama da shi sak. Ƙwayoyin zarra iri ɗaya, adadi ɗaya, bambancin kawai yadda wani ɓangare ɗaya ya juya. Sai suka ƙara masa "sudo" a gaba, kalmar Girkanci ce mai nufin na ƙarya ko jabu. Wato efedirin na jabu. Wannan ɗan juyin ne ya sa bai kai yayansa tayar da zuciya da ƙwaƙwalwa ba, amma yana buɗe hanci.

10/ Da aka gwada efedirin a jikin dabbobi a Japan, an ba su da yawa, sai aka ga kamar guba ne. Aka ɗan yi amfani da shi wajen buɗe ƙwayar ido, daga nan aka ajiye shi gefe kusan shekara 40.

11/ Shi kuwa Nagai bai tsaya ba. A 1893 ya sarrafa efedirin ya samar da wani sabon sinadari, metamfetamin. Eh, shi dai, wanda yau ake kira ais. A 1919 wani ɗan Japan ɗin, Akira Ogata, ya mayar da shi ƙanƙara-ƙanƙara. Tsakanin maganin mura da ais, a lissafin sinadarai, ƙwayar zarra ɗaya ce ta oksijin. A jiki kam tazarar babba ce, don rashin oksijin ɗin ne ke ba ais damar kutsawa ƙwaƙwalwa da ƙarfi. Shan maganin mura yadda aka tsara ba shan ais ba ne, kada wani ya je ya tayar wa mamansa hankali.

12/ Wanda ya farfaɗo da efedirin wani matashi ne Basine, Chen Ko Kuei. Ya yi karatu a Amurka, ya koma ya kama aiki a kwalejin likitanci ta Peking Union da ke Beijin, wadda gidauniyar Rockefeller ta ɗauki nauyi. Shi da abokin aikinsa Ba'amurke Carl Schmidt suka tace ma huang, suka yi wa kare allurarsa, sai suka ga jininsa ya hau ya kuma daɗe a sama. Suka wallafa sakamakon a 1924.

13/ Me ya sa abin ya zama babban labari? A lokacin mai asma idan numfashinsa ya sarƙe, adirenalin ne abin dogaro. Shi kuwa adirenalin ba a haɗiyarsa, ciki lalata shi yake yi, sai allura, kuma aikinsa na ɗan lokaci ne. Kwatsam ga wani abu mai irin aikinsa, ana haɗiya, yana kai awanni. Kamfanin Eli Lilly ya fara saida shi a Amurka, Chen ɗin ma daga baya can ya koma aiki. Har gobe ana amfani da allurar efedirin a ɗakin tiyata, idan jinin mara lafiya ya faɗi bayan allurar kashe ƙasan jiki, irin wadda ake yi wa mata a tiyatar haihuwa.

14/ Sai buƙata ta fi kaya yawa. Tsiron daga Sin yake zuwa, Sin kuma na fama da yaƙin basasa. Masana suka bazama neman madadi. A Los Anjeles, wani mai suna Gordon Alles ya haɗa amfetamin, sinadarin da wani ɗan Romaniya ya taɓa haɗawa a Balin tun 1887 aka manta da shi. A watan Yunin 1929 Alles ya sa aka yi masa allurar miligiram 50 don ya ji da jikinsa. Hancinsa ya bushe ya buɗe, jininsa ya hau, ya ji nishaɗi da surutu, daren nan bai yi barcin kirki ba. Maganin asma yake nema, wani abu daban ya tsinta.

15/ A farkon shekarun 1930 kamfanin Smith, Kline & French ya fito da Benzedrine, ɗan bututun shaƙawa don toshewar hanci, ana saidawa ba takardar likita. A cikinsa takarda ce da aka jiƙa da amfetamin. Kun san ɗan Adam. Mutane suka gano ana fasa bututun a tauna takardar ko a jefa ta a kofi. Ɗalibai, mawaƙa, fursunoni, sojoji. Sai a 1959 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta hana saida irinsa haka kawai.

16/ A Jamus kuwa, kamfanin Temmler ya fito da metamfetamin da sunan Pervitin a 1938. Tsakanin Afrilu da Yulin 1940, lokacin mamayar Faransa, an kai wa sojojin Jamus ƙwayoyi kusan miliyan 35 don su kwana biyu uku ba barci. Japan ma ta raba wa sojoji da ma'aikatan masana'antu nata mai suna Philopon. Da yaƙi ya ƙare ragowar ya malalo kasuwa, ƙasar ta faɗa annobar shaye-shaye, sai da aka kafa doka mai tsanani a 1951.

17/ Duk wannan hayaniyar, sudo'efedirin na gefe abinsa, ɗan lafiyar gidan. Kamfanin Burroughs Wellcome ya sa shi a Sudafed, ya haɗa shi da maganin atishawa ya kira Actifed. Har sararin samaniya ya je. A Oktoban 1968, a tafiyar Apollo 7, kwamandan jirgin Wally Schirra ya kamu da mura. A can babu nauyin da zai janyo majina ƙasa, sai ta cika kai ta zauna. Actifed suka riƙa sha. Schirra ya yi ta faɗa da masu ba da umarni daga ƙasa, da za su sauko ma suka ƙi sa hular kwano don su iya toshe hanci su hura, kada dodon kunne ya fashe. A cikin su ukun babu wanda ya sake zuwa sama. Schirra daga baya shi ya zama mai tallan Actifed a talabijin. Neman na abinci dai.

18/ Yanzu Maradona. 25 ga Yuni 1994, filin Foxboro kusa da Boston, Ajantina da Najeriya. Samson Siasia ya fara ci mana, Caniggia ya rama biyu, aka tashi 2-1. Ana busa tashi wata mata ta riƙo hannun Maradona zuwa gwajin fitsari, yana tafe yana murmushi. Aka samu sinadarai biyar 'yan gida ɗaya a jikinsa, ciki har da efedirin da sudo'efedirin. Ɓangarensa suka ce daga wani maganin rage ƙiba ne mai ma huang da mai horar da shi na kansa ya siyo a Amurka. FIFA ta dakatar da shi wata 15. Ya ce an yanke masa ƙafafu. Wasan da ya buga da mu shi ne na ƙarshe da ya yi wa ƙasarsa.

19/ Amma wadda ta fi ba ni tausayi Andreea Răducan ce, 'yar Romaniya, shekararta 16, a gasar Olamfik ta Sidni a 2000. Ta ci zinare a babbar gasar wasan alkafura ta mata. Mura take yi, likitan tawagarsu ya ba ta ƙwaya biyu na maganin mura mai sudo'efedirin. Yarinya ce ƙarama, nauyinta bai kai kilo 40 ba, gwaji ya nuna ya wuce ƙa'ida. Kwamitin Olamfik da kansa ya yarda ba laifinta ba ne, amma aka ƙwace lambar, kotun wasanni ta tabbatar. A 2004 aka cire sinadarin daga jerin haramtattu. Ita ba a mayar mata da komai ba. A 2010 kuma aka dawo da shi, da iyakar maikirogiram 150 a kowace mililita ta fitsari. 'Yan ƙwallo da 'yan tsere da ke karanta wannan: shawarar hukumar WADA ita ce a daina shansa aƙalla awa 24 kafin gasa.

20/ A shekarar 2000 ɗin dai aka yi jana'izar wani ɗan gidan, fenilfurofanolamin, a taƙaice PPA. Shekaru da dama yana cikin maganin mura da na rage ƙiba. Masu bincike a jami'ar Yale suka kwatanta mutum 702 'yan shekara 18 zuwa 49 da jini ya fashe musu a ƙwaƙwalwa da wasu da abin bai same su ba. Suka ga matan da suka sha maganin rage ƙiba mai PPA haɗarinsu ya ninka kusan sau 16. A Nuwamban 2000 FDA ta nemi kamfanoni su janye shi. Ƙiyasinta shi ne yana jawo shanyewar ɓarin jiki 200 zuwa 500 a shekara a Amurka.

21/ Ita ma ciyawar ta asali ba ta tsira ba. An mayar da ita maganin rage ƙiba da ƙarin kuzari, ana cewa ai na gargajiya ne, ba illa. A Fabrairun 2003 wani ɗan wasan besbol na ƙungiyar Baltimore Orioles, Steve Bechler, mai shekara 23, ya faɗi a wurin atisaye ya rasu, binciken gawa ya ce ma huang ya taimaka wajen mutuwarsa. A 2004 aka haramta ta a irin waɗannan kayan a Amurka. Duk mai ce maka abu ba ya cutarwa don daga itace aka samo shi, ka ba shi labarin nan.

22/ Sai zancen masu dafa ais. Tun shekarun 1990 ƙananan wuraren dafawa suka cika ƙauyukan Amurka, kayan aikinsu kuma maganin mura ne daga kanti. Jihar Oklahoma ta fara taƙaita saidawa a 2004 bayan wani mai dafawa ya kashe ɗan sanda. A Maris 2006 shugaba Bush ya sa hannu a dokar ƙasa baki ɗaya: a ɗauke maganin daga kan kanta zuwa bayan kanta, mai siya ya nuna katin shaida ya sa hannu a littafi, kada ya wuce giram 3.6 a rana ko giram 9 a kwana 30. Wanda ya kalli Breaking Bad ya ga yadda ake tura yara kanti-kanti suna tsinto shi. Birtaniya ma a 2008 ta ce kada a saida fiye da miligiram 720 a lokaci guda ba takardar likita.

23/ Dokar ta rage ƙananan masu dafawa, amma kasuwar Meziko ta koma. A Maris 2007 'yan sanda suka shiga gidan wani ɗan kasuwa haifaffen Sin, Zhenli Ye Gon, a birnin Meziko, suka tarar da tsabar kuɗi sama da dala miliyan 200 jibge a ɗaki. Zargin da ake masa shi ne shigo da kayan haɗa ais ta kamfaninsa na magunguna. A 2008 Meziko ta haramta sudo'efedirin kwata-kwata. Manyan 'yan ƙwayar suka canza hanya zuwa wasu sinadarai da ba ruwansu da maganin mura, suka ci gaba da harkarsu. Mai mura ne aka bari da layi da katin shaida.

24/ Ga inda abin ya zama abin dariya mai ban haushi. Kamfanoni ba sa son kayansu ya ɓuya a bayan kanta, sai suka cika kan kanta da wani tsohon sinadari, fenilefirin, wanda ba a iya mayar da shi ais. A kwali Phenylephrine ake rubutawa, a Amurka kuma suka riƙa ƙara PE a ƙarshen sunan maganin. Kwali kusan iri ɗaya, suna kusan ɗaya. Wasu masana magunguna biyu a jami'ar Florida, Leslie Hendeles da Randy Hatton, tun 2007 suke kai ƙorafi cewa abin nan idan an haɗiye shi ba ya aiki, don hanji da hanta na lalata kusan dukkansa kafin ya isa jini.

25/ Sai da aka shekara 16. A Satumban 2023 kwamitin masu ba FDA shawara ya kaɗa ƙuri'a, 16 da babu, cewa fenilefirin na haɗiya, a adadin da ake sha, bai fi ƙwayar banza buɗe hanci ba. A 2022 kaɗai an saida kwali miliyan 242 na magungunan da ke ɗauke da shi a Amurka, kuɗin ya kai dala biliyan 1.76. A Nuwamban 2024 FDA ta gabatar da ƙudurin cire shi daga jerin masu buɗe hanci na sha. Ba a ce guba ba ne, cewa aka yi ba ya aikin. Na fesawa a hanci kuma hukuncin bai shafe shi ba, shi yana aiki tunda kai tsaye yake sauka. Je ka duba kwalin da ke ɗakinku, da yiwuwar shi ne a ciki.

26/ Turai kuma ta wani gefen ta ɓullo. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta duba rahotannin wasu cututtuka biyu da ba safai ake gani ba, inda hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa ke matsewa ko bayan ƙwaƙwalwa ya kumbura. A farkon 2024 ta ce kada mai hawan jini mai tsanani ko wanda ba a shawo kansa ba, da mai ciwon ƙoda mai tsanani, su sha sudo'efedirin. Faransa ta wuce nan: daga Disamban 2024 sai da takardar likita. Hujjarsu mai sauƙi ce, mura na warkewa da kanta cikin kwana 7 zuwa 10, me zai sa a ɗauki kasadar shanyewar jiki komai ƙanƙantarta? Ni dai ina ganin suna da magana, duk da wanda ya kwana yana numfashi da baki zai ce a bar shi ya zaɓa.

27/ Mu nan fa? A 2011 NDLEA ta gano wurin dafa ais na farko a Najeriya, a Legas. Irin waɗannan na farko da efedirin suke aiki, wanda ake shigowa da shi da sunan haɗa magani sai a karkatar. A Maris 2016 aka kama wani katafaren wuri a Asaba, har da 'yan Meziko huɗu a cikin waɗanda aka cafke. Zuwa 2021 sunan mkpuru mmiri ya cika labarai daga kudu maso gabas. Kuma don Allah a bambance: kodin, wanda gwamnati ta hana haɗa maganin tari da shi a Mayun 2018 bayan rahoton BBC, dangin ofiyom ne, kwantar da jiki yake yi. Wannan namu tayarwa yake yi. Gida daban-daban ne.

28/ Amma a ganina babban haɗarinmu na yau da kullum shi ne "Malam a haɗa min na mura". A ɓallo ƙwayoyi huɗu biyar, ja da fari da rawaya, a ƙulle a leda, ba kwali ba suna. Ba a tambaye ka hawan jini ba, kai ma ba ka faɗa ba, wataƙila ma ba ka sani ba. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kusan rabin manya masu hawan jini ba su san suna da shi ba.

29/ A yi adalci: wani nazari na 2005 da ya tattara gwaje-gwaje 24 ya nuna a matsakaici sudo'efedirin na ƙara awon jini na sama da kusan maki 1 ne kawai, bugun zuciya kuma kusan 3 a minti. Ga matashi mai lafiya wannan ba komai ba ne. Sai dai matsakaici ne, kuma na mutanen da aka tantance aka ba su daidai ƙa'ida. Baba da jininsa ke 180 bai sani ba, ya sha biyu don ya ji sauƙi da wuri, ya kora da shayi mai kauri da goro, ba ya cikin lissafin nan.

30/ Ƙa'idar babba da wanda ya kai shekara 12: miligiram 60 duk bayan awa 4 zuwa 6, kada ya wuce 240 a awa 24, kada a wuce kwana 7. Akwai mai sakin kansa a hankali na miligiram 120 da ake sha duk awa 12, shi ba a taunawa ba a farfasawa. Kada a sha dab da kwanciya. A rage kofi, goro da lemukan ƙarin kuzari, don duk wuri ɗaya suke bugawa. 'Yan'uwana masu kwanan aji lokacin jarrabawa, da ku nake.

31/ Kuma a karanta abin da ke cikin haɗin. Yawancinsu da farasitamol a ciki, sai mutum ya ƙara wani farasitamol ɗin daban don ciwon kai, ya ƙara wani maganin murar mai suna daban amma kayan ciki ɗaya. Iyakar farasitamol ga babba giram 4 ne a rana, wuce nan hanta ake taɓawa. Maganin atishawar da ke cikin haɗin kuma yana sa gyangyaɗi, direba da ɗan acaɓa su kula.

32/ Waɗanda za su nisance shi sai da izinin likita: mai hawan jini, mai ciwon zuciya, wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, mai ciwon ƙoda, mai ciwon suga, mai hawan jinin ido, wanda maƙogwaronsa ke fitar da sinadarin tayirod fiye da kima, da dattijon da fitsari ke masa gardama saboda kumburin furostet, don yana iya ɗaure fitsarin gaba ɗaya. Mai shan maganin ciwon damuwa na rukunin MAOI, ko wanda bai cika kwana 14 da dainawa ba, haramun ne a kansa, jini na iya hawa lokaci guda.

33/ Mai juna biyu, musamman a wata ukun farko, ki bar shi. Mai shayarwa kuma ga wani abu da ba a cika faɗa ba: wani ƙaramin bincike a Ostireliya a 2003, kan mata 8, ya nuna ƙwaya ɗaya ta miligiram 60 ta rage ruwan nono da kusan kashi 24 cikin ɗari a wannan ranar. Ki ga nono ya ja baya a yi ta zargin abinci ko baki, alhali maganin mura ne.

34/ Idan ka sha sai ka ji ciwon kai mai tsanani ya sauko maka farat ɗaya, ko amai, ruɗewa, gani ya dushe, jijjiga, ciwon ƙirji, ko zuciya na dukan uku-uku, ka daina nan take a tafi asibiti, a tafi da kwalin.

35/ Na fesawa ko ɗigawa a hanci, irin su Otrivin, sun fi sauri kuma kaɗan ne ke shiga jini, amma da nasu tarkon. Ka wuce kwana 3 zuwa 5 kana fesawa, hancin zai saba, da maganin ya sake shi sai ya kumbura fiye da da, ka sake fesawa, haka dai har kwalba ta zama 'yar aljihu. Murar da ta wuce kwana 10, ko ta zo da zazzaɓi mai zafi da ciwon fuska, ta wuce ta kemis, a je a duba.

36/ Yara: a Birtaniya tun 2009 aka hana ba 'yan ƙasa da shekara 6 irin waɗannan magungunan mura, don ba a ga amfaninsu a jikinsu ba, illa kuma an gani. A Amurka kwalayen na cewa kada a ba ɗan ƙasa da shekara 4. Ɓalla ƙwayar manya biyu a ba yaro rabi ba dabara ba ce. Jariri mai toshewar hanci, ɗigon ruwan gishiri na hanci da ake saidawa a kemis, ɗigo ɗaya ko biyu a kowace ƙofa kafin a ba shi nono, sannan a ci gaba da shayar da shi akai-akai. Idan yana numfashi da sauri, ko haƙarƙarinsa na lotsawa, ko ya ƙi kama nono, asibiti za a nufa a daren.